Gyauron Dawa Da Itacen Kalgo A Shekarun Fari

Duk yaron da ya tashi tsakanin Gwandu da Kalgo an taɓa kwaɓarsa a kan barin dabba ta shiga gyauron dawa. Kakana ya sha faɗa mini yadda ya yi asarar shanu biyu a farin 1973. Ruwa ya ɗauke, dawa ta tsumbure ba ta kai gwiwa ba, yunwa ta sa shanun suka afka mata, kafin la'asar sun faɗi. Shi dai cewa yake yi dawar da ta sha wuya mugunta gare ta. Da ina yi masa dariya, sai daga baya na gane gaskiyarsa.

A 1902 wasu Turawa biyu a Landan, Dunstan da Henry, suka tsamo sinadarin da ke wannan ɓarna, suka raɗa masa suna durin, daga sunan dawa da Larabci. Tsiron yana ajiye shi dabam, abin da ke kunna shi ma dabam. Sai haƙori ya tauna ganyen su haɗu, su zama guba mai hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Ƙaramar dawa da wadda fari ya matsa su suka fi tara shi, watau lokacin da ba ta iya jure a ci ta.

Ƙishirwa kuwa wata dabarar ake yi mata. A 1963 masu binciken auduga a Amurka suka gano sinadarin absisik. Idan ƙasa ta bushe yakan yawaita a jikin tsiro, ya sa ƙananan ƙofofin ganye su rufe don kada ruwa ya tsere. Amma ta ƙofofin nan ne tsiro ke samun iskar haɗa abincinsa, saboda haka girma kan tsaya. Ran dawar ya tsira, rumbun manomi ne ya tashi wayam.

Kalgo, itacen da garinmu ke amsa sunansa, bai damu da wannan ba. Saiwarsa ta yi nisa, ɓawonsa kuma cike yake da bauri, irin na bagaruwar da majema ke jima da ita, mai korar ƙwari. Kakana ya ce da fari ya komo a 1984, bai sake yarda da gonar dawa ba. Ya ɗaure sauran shanunsa, ya riƙa tsinto musu 'ya'yan kalgo yana dakawa har damina ta faɗi.