Kano Pillars: Daga Haɗakar 1990 Zuwa Kofi Uku a Jere

A shekarar 1990 ne aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Najeriya, kuma buɗewar ta riski Kano da 'yan wasa jingim amma ba ta da ƙungiya guda mai ƙarfin shiga sabon fagen. Ƙwallo kam ta daɗe da zama a birnin. Tun 1953 tawagar Kano ta ɗauko Kofin Gwamna, wanda daga baya ya koma Kofin Ƙalubale, sannan a 1978 Raccah Rovers ta lashe gasar lig ta ƙasa baki ɗaya. Sai dai ƙarfin ya rarrabu a hannun ma'aikatu da kamfanoni, kowa da 'yar ƙungiyarsa da ɗan kasafinsa. Shawarar da jagororin wasanni na jihar suka yanke a zamanin gwamnan soja Idris Garba, tare da Alhaji Ibrahim Galadima wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ita ce a narkar da ƙungiyoyi uku a tukunya ɗaya: WRECA ta hukumar samar da ruwa, da Kano Golden Stars, da ƙungiyar Bank of the North. Abin da ya fito daga tukunyar shi ne Kano Pillars. Ra'ayina shi ne duk abin da ƙungiyar ta samu tun daga ranar, da kofunan lig huɗu da sunan da ta yi a Afirka, daga wannan shawara ya tsiro, domin ita ce ta cire ƙwallon Kano daga hannun ma'aikata ta damƙa wa gari. Haka kuma raunin da ya kai ta ƙasa a 2022 yana nan kwance a cikin shawarar.

Don a ga nauyin abin, sai a duba makomar ƙungiyoyin da suka yi tashe gab da lokacin. Leventis United ta Ibadan ta ci lig a 1986, ba a jima ba kamfanin ya naɗe tabarmarsa, ƙungiyar ta bi ruwa. Abiola Babes ta Abeokuta ta ɗauki Kofin Ƙalubale, amma ranar da mai ita ya juya baya sai ta watse. Ita kanta Raccah Rovers, da ta sa Kanawa alfahari, ba ta daɗe a sama ba. Ƙungiyar kamfani tana rayuwa ne gwargwadon ribar kamfanin, ta attajiri kuma gwargwadon sha'awarsa. Da a ce an bar ƙwallon Kano a hannun Bank of the North, to da ta shiga garari a 2006 lokacin da bankin ya narke cikin Unity Bank. Pillars ta tsira daga wannan ne saboda sunanta ba na wata ma'aikata ba ne. Mutumin Fagge da na Gwale da na Kurna da ɗan Sabon Gari duk suna iya cewa tasu ce, ba tare da wani ya tambaye su katin aiki ba. Shekara guda kacal da kafuwarta ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1991, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. Daga nan sai shekarun faɗi-tashi, har da zama a rukuni na biyu, waɗanda ba su da wani abin tinƙaho in ban da cewa ƙungiyar ba ta mutu ba.

Ginin gaske ya fara ne daga 2003. Tun daga tsakiyar wannan shekara har zuwa watan Agusta na 2015, babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a wasan lig. Shekara 12 ke nan, wasa sama da 200. Duk wanda ya san filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, daura da tsohuwar marina, ya san yadda ranar wasa take. Tun bayan azahar a-daidaita-sahu ke sauke matasa sanye da riguna masu launin ɗorawa da kore, masu rake da masu ruwan leda sun kama bakin ƙofa, makaɗa sun riga kowa shiga, kafin la'asar benaye sun cika maƙil, rana tana dukan ƙeyar baƙon da ya kwana biyu a mota daga kudu. Da an taɓa ƙwallo sai filin ya ɗauka da “Sai Masu Gida!”, kuma ba ya yin shiru sai an tashi. A gasar da yawancin ƙungiyoyi ke wasa gaban kujeru wayam, wannan taro jari ne da kuɗin gwamnati ba sa saya. Ɗan wasan da aka saba yi wa tafi idan ya yi yanka, a kuma yi masa ihu idan ya yi sanyin ƙafa, yana buga ƙwallo da wata irin zuciya dabam.

Lissafin cin lig a Najeriya shi ya mayar da wannan taro kofi. Ƙungiya 20 ce a gasar, kowacce tana da wasa 19 a gida, wato maki 57 idan ta cinye su duka. A kakanni ukun da Pillars ta jera kofi, 2012 da 2013 da 2014, ba ta taɓa kai maki 70 ba, kuma ba ta buƙaci ta kai ba. Wanda ya rufe ƙofar gidansa ya riga ya yi kusan dukkan tafiyar, saura ya tsinto nasara biyu ko uku da 'yan kunnen doki a waje. Da haka ta ɗauki kofinta na farko a 2008 ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana, Heartland ta Owerri na biye da ita. Da haka Mohammed Babaganaru ya ci na 2012 da na 2013, sannan Okey Emordi ya cike na uku a 2014. Kakar 2013 ce ta fi nuna yadda abin yake da tsauri, domin da tazarar maki ɗaya tak Pillars ta sha gaban Enyimba ta Aba, Bayelsa United kuma tana numfashi a wuyansu duka biyun. A irin wannan tsere, canjaras ɗaya a Ƙofar Mata, a ce wani baƙo ya farke ƙwallo a minti na 90, ya isa ya tura kofin Aba. Kafin Pillars, Iwuanyanwu Nationale ce daga 1988 zuwa 1990, sai Enyimba daga 2001 zuwa 2003, suka taɓa jera uku. Daga arewa babu wadda ta ko kusanci haka.

A nan ne masu suka ke ɗaga hannu, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa a lig ɗin Najeriya na wancan zamani kowa zaki ne a gidansa, alƙalin wasa yana busa usur ne da ido ɗaya a kan ƙofar fita, bugun fenariti a ƙarshen wasa ya zama kamar haƙƙin mai masauki, saboda haka tarihin shekara 12 shaida ce ta lalacewar gasar, ba ta ƙwarewar Pillars ba. Gaskiya ne nasarar waje ta yi ƙaranci a gasar har abin ya zama abin kunya, kuma wanda ya ce taron Kano bai taɓa sa gwiwar alƙali ta yi sanyi ba, son zuciya ne ke magana. Amma idan wannan ne dukkan bayanin, me ya hana Aba da Inugu da Fatakwal da Makurɗi kafa irin tarihin? Su ma suna da filaye, da alƙalai iri ɗaya, da magoya bayan da ba su san wasa ba. Rashin adalcin da ya game kowa ba zai iya bayyana fifikon ƙungiya ɗaya ba. Kuma akwai shaidar da ba alƙalan Najeriya ne suka busa ta ba. A 2009, karon farko da Pillars ta shiga gasar zakarun Afirka, ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin. Aka tashi 1-1 a Kano, kowa ya ɗauka magana ta ƙare, sai ga shi an yi 2-2 a Alƙahira, Pillars ta yi waje da zakarun da yawan ƙwallon da ta ci a waje. Ta wuce rukuni, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, inda 'yar gida Heartland ta tare ta. A kakar da ta biyo baya wani matashi mai suna Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a lig, ya kafa tarihi, ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. Turawa ba sa biyan kuɗi don fenaritin da aka yi wa mutum alfarma.

Suka ta biyu ita ce ta kuɗi: wai Pillars 'yar lelen gwamnati ce, kuma jihar da ta fi kowa jama'a a arewa dole ta fi kowa iya sayen 'yan wasa. Wannan ba ta da ƙarfin ta farko, domin Enyimba da Rangers da Lobi Stars da Plateau United duk na gwamnatocin jihohinsu ne. Abin lura a Kano shi ne yadda ƙungiyar ta ratsa gwamnatocin da ba sa ga maciji da juna. Kofin 2008 ya zo a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, uku a jere a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, Kofin Aiteo na 2019, wato tsohon Kofin Ƙalubale, a zamanin Abdullahi Umar Ganduje. A jihar da sabon gwamna kan yi watsi da aikin wanda ya gada don kawai ba shi ya fara ba, babu wanda ya yi gigin sakin Pillars. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, masu cika filin nan su ne masu jefa ƙuri'a. Wato jama'ar ce ke jawo kuɗin gwamnati, ba kuɗin ne ya tara jama'ar ba. Ita ce kuma ta riƙe irin su Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, da Gambo Mohammed, shekara da shekaru a riga ɗaya, a gasar da ɗan wasa kan sauya ƙungiya duk kaka.

Sai dai akwai sukar da ba ni da amsarta, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Ƙarfin da ya dogara da fili ɗaya ba ya shiga jirgi. Bayan kowanne daga cikin kofuna ukun nan Pillars ta koma gasar zakarun Afirka, kuma duk sau ukun tun a zagayen farko-farko aka sallamo ta: AC Léopards ta Kwango Brazabil a 2013, AS Vita ta Kinshasa a 2014, Moghreb Tétouan ta Maroko a 2015. Salon faɗuwar iri ɗaya ne, ta ci a Kano, a yi mata ruwan ƙwallaye a waje. Enyimba kuwa, da ake gogawa da ita a gida, ta ɗauko kofin Afirka sau biyu, a 2003 da 2004. Ko a cikin ƙasa, wasan ƙarshe na Kofin Aiteo na 2018 a Asaba ya tona wannan asiri. Pillars tana gaba da ci 3-0, saura kusan minti 15 a tashi, magoya baya a Kano sun fara hawa babura suna zagaye gari, sai Rangers ta farke ukun ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. An rama a shekara mai zuwa a Kaduna, inda aka doke Niger Tornadoes da fenariti, amma Kaduna ai zaure ce ga Bakano, awa uku a mota.

Shekarar 2015 ce ta karya kwarjinin. A watan Maris 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, tana kan hanyar zuwa wasa da Heartland, 'yan wasa da dama suka ji rauni. A watan Agusta Nasarawa United ta zo har Ƙofar Mata ta ci 2-1, kuma mai horar da ita ba kowa ba ne illa Babaganaru, wanda ya san ciki da wajen gidan. Enyimba ta karɓe kofin a ƙarshen kakar. Abin da ya biyo baya ya nuna cewa taron da ya gina ƙungiyar yana iya rusa ta. Jama'ar da aka shekara 12 ana nuna mata cewa ba a cin ta a gida, wani sashe nata ya ɗauki nasara a matsayin gado, kunnen doki kuma cin mutunci. A kakar 2022, bayan ƙungiyar ta daɗe tana karɓar baƙi a Kaduna, dawowarta Kano ta zo da tarzoma a wasa da Katsina United, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta zaftare mata maki ta kuma kore ta daga filinta. Kafin kakar ta ƙare an sake yanke mata wasu makin saboda dukan mataimakin alƙalin wasa. Ƙungiyar da lissafinta kacokan ya rataya a kan maki 57 na gida, aka raba ta da gidan, aka kuma ɗebe daga ɗan abin da ta tara. Ta faɗa ajin 'yan dagaji tare da Katsina United da Heartland da MFM ta Legas.

Ta dawo a 2023, kaka ɗaya kacal ta yi a ƙasa, domin garin bai sake ta ba ko a can. Amma gasar da ta tarar ta sauya. Ana nuna wasanni a talabijin da waya, nasarar waje ta daina zama abin mamaki, kuma a 2025 Remo Stars ta Ikenne, ƙungiyar ɗan kasuwa mai makarantar renon yara da filinta na kanta, ta ɗauki kofin. A nan ne haɗakar 1990 ta tsaya rabin hanya. Ta ba gari ƙungiya, amma ta bar asusu da naɗin shugabanni a gidan gwamnati, saboda haka dubban mutanen da ke cika fili ba su da rajistar zama mambobi, ba su da ƙuri'a, ba su da abin da za su yi asara idan an rufe filin in ban da kallon ranar Lahadi. Wanda yake da hannun jari a ƙungiya zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki dutse. A watan Yulin 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, alhali yana cikin masu buga mata wasa. Ya ga yadda ake tafiyar da CSKA Moscow da Leicester City daga ciki, kuma Kanawa suna jin maganarsa fiye da ta kowane jami'i. Sai dai shi ma naɗa shi aka yi, kuma Pillars ba ta sake ɗaga kofin lig ba tun 2014.