Gugguru: Sunan da Ya Riga Injinsa Zuwa

A ƙasar Tasawa da Mayahi, idan aka ce hatsi, gero ake nufi. Shi ya sa abin da yaro ya fara sani na gasasshen tsaba shi ne tumu: ɗanyen zangarniyar gero da ake babbakawa a wuta gab da kaka, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayi, a watsa a baki. Sunan na gida ne, abin ma na gida.

Gugguru kuwa baƙo ne ta ko'ina. Masarar da ake yin sa da ita a Meziko aka fara nomanta, kusan shekara 9,000 da suka wuce, amma Bahaushe ya laƙaba mata sunan Masar, alamar ta gabas ya ga ta shigo. Ita kalmar gugguru a kudu ma ana jin ta, don Yarabawa guguru suke cewa, suna haɗa shi da gyaɗa, wadda mutanen Maraɗi ke kira gujiya. Ba kowace masara ke yin gugguru ba. Sai mai tauraren ɓawo, wadda danshin cikinta ke zama tururi har ya fasa ƙwayar idan zafi ya kai wajen digiri 180.

Inji shi ne ya zo daga baya, da sunan aro daga Turanci. Charles Cretors na Chicago ya fara da gyara injin gasa gyaɗa a 1885, sannan ya fito da na gugguru mai aiki da tururi, ya baje shi a babban bikin baje koli na birnin a 1893. A Amurka sunan maƙeri ko na samfurinsa ake kiran waɗannan injuna da shi: wannan Cretors, wancan Butter-Kist na kamfanin Holcomb & Hoke. Da sunan ne masu tara kayan tarihi ke gane shekara da daraja, har aka buɗe wa injunan gidan tarihi na Wyandot a garin Marion, jihar Ohio.

Mu nan aikin abu muke kiran sa da shi: injin niƙa, injin markaɗe, injin gugguru. Mai saye ba ya tambayar wanda ya ƙera, yana tambayar ko yana aiki. In ya mutu a kai wa mai walda, in ya ƙi gyaruwa a sayar wa masu gwangwan a kan kilo. Mai son tara irin waɗannan injuna a ƙasar Hausa, wajen masu awon tsohon ƙarfe zai fara zuwa, kafin a narkar da su.