Sunan Fim a Kan Kwali: Ko Ya Cancanci Kuɗinmu?

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu son wasan bidiyo a cikinmu. In aka yi fim ɗin almara, irin mai takubba da dodanni da matsafa, ya yi suna, sai ka ga wasansa ya biyo baya da hoton jarumin a kan kwali. Wani ya ce a saya mana, ai fim ɗin ya yi daɗi. Wani ya ce wallahi zubar da kuɗi ne. Gardamar nan ta girmi dukanmu, don an fi shekara 40 ana yin ta a duniya. Shi ya sa na ce bari in bi tarihinta, mu ga abin da ya samu waɗanda suka riga mu sa hannu a aljihu.

Maganar kuwa ba ƙarama ba ce. Sabon wasa babba yakan kai yuro 70 a Turai, wato kusan jika 46 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu tun 2024 jika 42 ne. Ko da faifan gwanjo ne mutum zai saya, ko kuɗin forfe zai kashe ya sauke wasan daga intanet, ga ɗalibin da ke jiran burs kuɗi ne mai ciwo.

Kafin mu shiga shekaru, a fara sanin yadda cinikin yake. Sunan fim da fuskokin jarumansa mallakar kamfanin fim ne. Kamfanin wasa sai ya biya lasisi kafin ya taɓa su. Galibi kuma akan so wasan ya fito tare da fim ɗin, don ya ci moriyar tallar da aka yi masa. Abu biyu ke biyo baya. Kuɗin da aka zuba a sayen suna ba su shiga aikin ba. Sannan ranar fitar fim ba ta motsi: an gama wasan ko ba a gama ba, dole ya shiga kasuwa.

Misali mafi shahara ya faru a 1982. A shekarar ne Steven Spielberg ya fitar da E.T., labarin wata halitta daga sararin sama da ta ɓace a duniyarmu. Kamfanin Atari, wanda na'urarsa ke mulkin gidajen Amurka a lokacin, ya biya sama da miliyan 20 don ya samu sunan. Dalar Amurka fa nake nufi, kada wani ya lissafa da dalarmu ta tamma biyar. Ba a gama ciniki ba sai ƙarshen watan Yuli, ga shi ana so kaset ya isa kantuna kafin Kirsimeti. Sai aka ba mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, kusan mako biyar ya haɗa wasan. Mutumin nan gwani ne, shi ya yi Yars' Revenge da ya samu karɓuwa ƙwarai, amma watanni ya ɗauka a kan wancan.

Abin da ya fito shi ne wasan da za ka yi ta faɗawa rami kana neman guntayen tarho, ka fito da ƙyar, ka sake faɗawa. An buga kaset miliyoyi, iyaye suka saya wa ƴaƴansu saboda suna, da yawa kuma suka mayar da shi kanti. A 1983 Atari ya yi asarar sama da dalar Amurka miliyan 500, kasuwar wasannin gida ta Amurka ta durƙushe. Ba E.T. kaɗai ya jawo haka ba, don kasuwar ta riga ta cika da tarkacen wasanni, amma shi ya zama tambarin abin. A watan Satumba na 1983 aka kwashi kasusuwa kusan dubu 700, na E.T. da na wasu wasanni, aka binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Shekaru da yawa wasu suna ɗaukar labarin tatsuniya, har sai da aka tone wurin a Afrilun 2014 aka fito da su. Sauri dai ya haifi nawa.

Da nan tarihin ya tsaya, da amsa ta yi sauƙi. To amma shekara goma bayan binnewar, a 1993, wasan Aladdin ya fito a na'urar Sega Mega Drive, shekara guda bayan fim ɗin Disney na yaron nan mai fitila da aljani da muka sani a Dare Dubu da Ɗaya. Su ma ma'aikatan Virgin Games, tare da David Perry, watanni kaɗan aka ba su. Sai dai ba daga ƙasa suka fara gini ba: suna da tsarin da suka riga suka gwada a wasansu na baya, Cool Spot. Kuma masu zanen Disney da kansu suka zana motsin Aladdin da hannu, aka shigar cikin na'ura. Wani abu da na fi lura da shi: sun ba Aladdin takobi yana sara tun daga kasuwar Agrabah, alhali a fim ɗin gudu da wayo ne makaminsa. Sun gane cewa mai riƙe da manet yana son abin da hannunsa zai yi. Wasan ya sayar da kwafi miliyan 4, kuma a wannan na'ura wasannin Sonic biyu na farko ne kawai suka fi shi kasuwa.

Zamanin da yawancinmu muka tarar shi ne na PlayStation 2, kuma nan ne finafinan Peter Jackson suka shigo, waɗanda muka fi sani da Le Seigneur des anneaux. An ɗauke su a New Zealand, suka fito a 2001, 2002 da 2003. A nan akwai abin ban dariya game da lasisi: kamfanin Electronic Arts ke da haƙƙin finafinan, kamfanin Vivendi kuma ke da haƙƙin littattafan Tolkien. Don haka a 2002 wasanni biyu suka shiga kasuwa da kusan suna ɗaya, daga gidaje biyu. Wanda ya saya don ya ga fuskokin da ya gani a fim, in bai duba da kyau ba, sai ya koma gida da ɗayan.

Electronic Arts bai fitar da komai ba lokacin fim na farko. Ya jira har Oktoban 2002, ya haɗa labarin fim na ɗaya da na biyu cikin wasa guda, The Two Towers. Za ka ga ainihin hoton fim yana tafiya, sannu a hankali ya rikiɗe ya zama wasa, sai kawai ka tsinci kanka kai ne Aragorn a kan ganuwa, ruwa na zuba, maƙiya na kafa tsani kana turewa. A Nuwamban 2003 The Return of the King ya biyo, da muryoyin wasu daga ƴan wasan fim ɗin, kuma da damar mutum biyu su yi yaƙi tare a kan tele ɗaya. Ga mu da muka saba taruwa mu biyar a kan manet biyu, wannan kaɗai ya ƙara masa daraja. Aibinsa gajarta: mai hannu zai iya gama shi tsakanin Asabar da Lahadi.

A wannan zamanin dai aka ga ɗaya fuskar. David Perry ɗin nan na Aladdin, kamfaninsa Shiny ne ya yi Enter the Matrix, wanda dole ya fito a Mayun 2003 tare da fim na biyu. Ya fito da kurakurai, jarumi na maƙalewa a bango, wasa na sandarewa. Duk da haka ya sayar da kusan kwafi miliyan 5. Kun ga ke nan yawan ciniki ba shaidar kyau ba ce, shaidar ƙarfin talla ce. Haka ma Harry Potter: daga 2001 zuwa 2011 kowane fim da wasansa, guda takwas. Na farkon sun bar ka ka yi yawo cikin makarantar matsafa kana gano ɓoyayyun ɗakuna. Da aka zo na 2010, an mayar da sandar tsafi tamkar bindiga, ka laɓe bayan dutse ka yi harbi, masu sharhi kuma suka yi masa kaca-kaca.

Daga wajajen 2006, da na'urori irin su PlayStation 3 suka zo, lissafin ya canza. Haɗa babban wasa ya koma aikin ɗaruruwan mutane na shekara uku zuwa biyar, ya fi ɗaukar fim daɗewa. Bin ranar fim ya zama abin da ba ya yiwuwa. Kamfanin THQ, wanda ya daɗe yana cin abinci da wasannin finafinan yara, ya karye a Disamban 2012. Ƙananan wasannin talla suka koma salula. Manyan kuma suka samo wata hanya: su ari duniyar fim ɗin, su bar labarinsa da ranarsa.

Haka aka yi Shadow of Mordor a 2014. Ƙasar Mordor ce dai, amma jarumin sabo ne, Talion, kuma an saka wata dabara da ba a taɓa gani ba: dodannin ork suna tuna ka. In wani ƙaramin soja ya kashe ka, za a ƙara masa girma. In ka ƙona wani ya tsere, zai dawo da tabo a fuska yana yi maka gori. Ba fim ɗin da zai iya ba ka wannan. Haka kuma Hogwarts Legacy na Fabrairun 2023 ya koma shekarun 1890, tun kafin a haifi Harry Potter, ya ba ka damar zama ɗalibi da kanka. Ya sayar da kwafi miliyan 12 cikin mako biyu, ya haura miliyan 22 kafin shekarar ta ƙare.

Kada dai mu ce matsala ta ƙare. Na biyun Mordor, Shadow of War na 2017, ya zo da akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi na gaske bayan ka riga ka biya kuɗin wasan, sai da ƴan wasa suka yi ta ƙorafi aka cire su a 2018. A Mayun 2023 kuma wasan Gollum ya fito daga Daedalic, wani kamfanin Jamus da ya ƙware a ƙananan wasannin labari. An ɗaga ranarsa sau da yawa, lokaci bai yi musu kaɗan ba, amma kayan sun fi ƙarfin jakin. Kamfanin ya fito ya ba masu saye haƙuri, bayan ƴan makonni ya rufe sashensa na haɗa wasanni.

Akwai wani ɓangare na lasisi da ya shafe mu kai tsaye: yana ƙarewa. Da wa'adin Electronic Arts ya cika, wasanninsa na zoben nan suka bar kasuwa. Yau ba za ka samu The Return of the King a kantunan intanet na hukuma ba, sai tsohon faifai. Aladdin ya yi sa'a, an sake fitar da shi a 2019 tare da The Lion King. Wato wasu daga cikin mafiya kyawun wannan tarihi suna cikin kwandon ƴan gwanjo, kuma tsohuwar na'ura ta ishe su.

To, a saya ko kada a saya? Abin da na fahimta daga shekarun nan shi ne daɗin fim ba ya gaya maka komai game da wasansa, don mutane daban suka yi su, da kuɗi daban. Ni tambaya uku nake yi. Ta farko: yaushe ya fito? In mako ɗaya ne da fim ɗin, in yi hattara, in jira wata biyu ko uku. Farashi sauka yake yi, gaskiya kuma fitowa take yi. Ta biyu: su wa suka haɗa shi, me suka taɓa yi? Sunansu na nan a bayan kwali da ƙananan baƙaƙe, ya fi babban sunan da ke gaba amfani. Ta uku: in an cire sunan fim ɗin, an sauya wa jarumin fuska, zan so in buga shi? Aladdin da Mordor sun ci wannan jarrabawa. E.T. da Gollum sun faɗi.

Sai in ƙara ta huɗu, wadda ta mu ce nan gida: na'urata za ta ɗauka? Hogwarts Legacy na neman wajen jiga 85 a kwamfuta. Ka lissafa forfe, ka lissafa dare nawa za ka kwana kana jira, kafin ka yi sha'awar hoton kwali.

Mu kuma muna da abin da yaran 1982 ba su da shi. Su sun yi cinikin biri a sama, daga hoton kaset sai tallar tele. Mu muna iya kallon minti goma na ainihin wasan a YouTube, wanda wani ɗan wasa ya ɗauka da hannunsa, ba tallar kamfani ba. Muna iya zuwa gidan wasan unguwa mu biya kuɗin zagaye ɗaya mu gwada, ko mu ari faifan aboki. In kuma mun tabbata yana da kyau, mu haɗa kuɗi mu huɗu mu saya, tunda ko can ba mu saba buga wasa mu kaɗai ba.

Wanda ke da wani misalin da ya saɓa wa nawa, ya rubuto a fitowa ta gaba mu karanta. Allah ya sa albarka a ɗan abin da ke aljihunmu.