Ingancin Ciki da Ingancin Waje a Tsarin Bincike

Littattafan koyar da dabarun bincike sun saɓa kan shekarar da aka fara raba ingancin gwaji gida biyu. Wasu sun ce 1963, wasu 1966. Gaskiyar magana, Donald T. Campbell na Jami'ar Northwestern a Amurka ya yi wannan rabo tun 1957, cikin mujallar Psychological Bulletin. Ingancin ciki na tambaya ko abin da aka gwada ne ya haifar da sakamakon. Na waje kuwa, ko sakamakon zai tabbata ga wasu mutane a wani wuri.

A 1963 ne Campbell da Julian Stanley suka jera barazana takwas ga na ciki, huɗu ga na waje, cikin wani babi da ya zama littafi a 1966. Daga ciki akwai aukuwar wani abu daban ana tsakiyar gwaji, da canjin ma'auni, da ficewar waɗanda ake gwajin a kansu.

Inda jerin ya nuna amfaninsa sosai shi ne jihar Connecticut. A 1955 mutum 324 suka mutu a haɗarin mota, adadin da ya tayar wa jama'a hankali. Gwamna Abraham Ribicoff ya sa a riƙa dakatar da lasisin duk direban da aka kama yana gudun wuce ƙa'ida, kwana 30 a karon farko. Shekara na zagayowa, mamata suka koma 284. Gwamna ya ce dokarsa ce ta ceci rayuka 40.

Campbell da H. Laurence Ross suka bi maganar daki-daki a 1968. Ba su ƙaryata gwamnan kai tsaye ba, sai suka nuna cewa shekarar da adadi ya yi tsananin hawa, galibi mai bi mata kan sauka ko ba a taɓa komai ba. An kuwa kafa dokar ne daidai lokacin da adadin ya kai ƙololuwa. Suka ɗauko alƙaluman shekarun baya da na maƙwabtan jihohi huɗu suka gwama. Hukuncinsu: hujjar cewa dokar ta yi tasiri ba ta kai ƙarfin da aka yi shela ba. Duk jami'in da zai yi alfahari da raguwar wata annoba ya kamata ya san wannan aiki.

Thomas Cook da Campbell sun mayar da nau'o'in inganci huɗu a 1979. Lee Cronbach ya ƙi yarda a fifita na ciki, ya ce mai tsara manufa so yake ya san abin da zai yi aiki a wurinsa. Kan ingancin waje kuwa, a 2010 Joseph Henrich da abokansa suka jaddada cewa kusan kashi 96 cikin 100 na waɗanda ake gwaji a kansu a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya.