Dairul Madina: Rayuwar Masu Haƙa Kaburburan Fir'aunoni

Mafi yawan abin da ɗalibanmu suka sani game da Misira ta dā labarin sarakuna ne: wane Fir'auna ya gaji wane, wa ya gina dala, wa ya ci wa da yaƙi. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin haka tarihi yakan zo wa mutane a ko'ina, har da namu na ƙasar Hausa, inda jerin sarakuna yakan danne labarin manomi da masaƙi. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wani ƙauye guda inda ƙasa ta adana mana muryar masu aikin hannu, watau Dairul Madina, wanda yake yamma da Kogin Nilu, daura da birnin Luksor na yanzu.

An kafa ƙauyen wajen shekara ta 1500 kafin Miladiyya, domin an sami tubalan ganuwarsa ɗauke da hatimin Fir'auna Tutmos na I. Mazaunansa su ne masassaƙa da masu zane waɗanda suka haƙa kaburburan Kwarin Sarakuna suka ƙawata su, kuma sun zauna a nan fiye da shekara 400. Ya kamata a lura tun da wuri cewa ba su ne magina dala ba, gama dalolin Giza sun girme su da kimanin shekara 1,000. Haka kuma ba bayi ba ne. Ma'aikatan gwamnati ne masu albashi, masu gadon sana'a daga uba zuwa ɗa.

Ernesto Schiaparelli, mutumin Italiya, ya yi tono a wurin, inda a 1906 ya tarar da kabarin wani shugaban aiki mai suna Kha ba a taɓa shi ba, har da gadaje da tufafi da gurasa. Daga 1922 zuwa 1951 Bernard Bruyère na Faransa ya tone ƙauyen baki ɗaya. Amma babbar ganimar ba zinariya ba ce. Dubban tsingaro ne da ɓallin farin dutse waɗanda mutanen suka riƙa rubutu a kai suna yarwa, saboda sun fi takarda araha. A kansu ake samun rasit na cinikin jaki, da ƙarar maƙwabci, da wasiƙar miji ga matarsa.

Gidajen da ke cikin ganuwa sun kai wajen 70, a manne da juna, an gina su da dutse da tubalin laka. Galibi ɗaki huɗu ne a jere, na ƙarshe shi ne madafa, sa'an nan ga matakala zuwa kan soro. Babu rijiya a ƙauyen. Da jakuna ake kawo ruwa, kuma gwamnati ce ta ɗauki masu ɗebo shi, kamar yadda ta ɗauki masunta da masu itace da masu wanki domin hidimar ma'aikatan. An raba ma'aikata ƙungiya biyu, ta dama da ta hagu, kowace da shugabanta. Makonsu kwana 10 ne. Magatakarda yana auna ƙarafan sassaƙa na jan ƙarfe lokacin bayarwa da lokacin karɓa, yana kuma ƙidaya lagwanin fitilun da aka ƙona a cikin rami.

Da yake ba a fara buga kuɗi ba a wancan zamani, da hatsi ake biyan albashi. Ma'aikaci yana karɓar buhu 4 na alkama da buhu 1 da rabi na sha'ir a wata, kowane buhu kuwa kimanin lita 77 ne. Da alkamar ake gurasa, da sha'ir ake giya, rarar kuma a yi musaya da ita. Akwai wani ɓallin dutse a Gidan Tarihi na Biritaniya, na shekara ta 40 ta mulkin Ramsis na II, wanda yake rajistar fashin aiki. Dalilan da aka rubuta sun haɗa da ciwo, da harbin kunama, da dafa giya, da shirya gawar ɗan'uwa, har da jinin al'adar mata ko 'yar ma'aikaci. Malamin da ya taɓa riƙe rajistar ma'aikata zai gane irin wannan takarda da kallo ɗaya.

A nan ne muhimmancin hatsi yake fitowa fili. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na III, wajen 1157 kafin Miladiyya, albashi ya makara. Magatakarda Amennakht ya rubuta abin da ya biyo baya a wata takarda da take yanzu a birnin Turin. Ma'aikata suka ajiye kayan aiki, suka ƙetare shingayen tsaro, suka zauna a bayan ɗakin bautar Tutmos na III suna cewa yunwa suke ji, ga shi kwana 18 sun shige a cikin wata. Daga baya suka koma ɗakin bautar Ramsis na II, inda akwai manyan rumbuna, suka koka da rashin tufa da mai da kifi da ganye, suka nemi a rubuta wa Fir'auna da Waziri. Aka biya su na watan da ya wuce, amma aka ci gaba da makara, su kuma suka ci gaba da fita. Masana da dama suna ɗaukar wannan a matsayin yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. A ganina abin lura shi ne ba su yi wa sarauta tawaye ba. Sun tuna wa sarki ne cewa shi ma akwai haƙƙi a wuyansa, bisa aƙidarsu ta ma'at, watau gaskiya da daidaito waɗanda sarki ne aka ɗora wa tsare su.

Addininsu na cikin gida ya bambanta da abin da suke zanawa a kabarin sarki. A ɗaka, sun fi kusa da Bes, wani gajeren abin bauta mai kare yara, da Taweret mai siffar dorina, wadda mata masu ciki suke roƙo. Suna ajiye gumakan kakanni suna yi musu sadaka. Dutsen da ya yi wa ƙauyen rumfa kuwa mazaunin Meretseger ne, mai siffar gamsheƙa. Wani ma'aikaci, Neferabu, ya bar allon dutse yana iƙirarin cewa ya yi rantsuwar ƙarya da sunan Ptah, shi ya sa aka hukunta shi da ganin duhu da rana tsaka. Wannan harshe na laifi da tuba da neman gafara ba safai ake jin sa a rubutun manyan ɗakunan bauta ba. Idan rigima ta gagari majalisar shari'ar ƙauye, akan fito da gunkin Amenhotep na I a kafaɗa, a yi masa tambaya, a ɗauki motsinsa gaba ko baya a matsayin amsa.

Game da matsayin mata, wasiyyar Naunakhte ta isa misali. A shekara ta 3 ta mulkin Ramsis na V ta tsaya gaban majalisa ta ce ta reni 'ya'ya 8, amma waɗanda ba su kula da ita a tsufanta ba ta cire su daga gadon dukiyarta ta kanta. Aka rubuta, shaidu suka tabbatar.

Sai dai dole manazarci ya yi hattara. Mutanen Dairul Madina zaɓaɓɓu ne, masu karatu a cikinsu sun fi na sauran ƙauyuka yawa nesa ba kusa ba. Manomin da ya noma alkamar da suke rigima a kanta bai bar mana tsingaro ko ɗaya da hannunsa ba, don haka kuskure ne a auna Misira duka da wannan ƙauye.

A zamanin Ramsis na XI, da tsaro ya taɓarɓare saboda hare-haren mutanen Libiya da rikicin cikin gida, mazauna suka tashi suka fake a cikin ganuwar Madinat Habu. Sunan da ake kiran wurin da shi yanzu ya samo asali ne ƙarnoni da yawa bayan haka, lokacin da Kiristocin Kibɗawa suka mai da ɗakin bautar Hathor da ke gefen kangon gidan zaman masu ibadarsu, wanda da Larabci ake ce wa dair.