Kaburbura Biyu a Katsina da Abin da Ya Biyo Bayansu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Kabo da Gwarzo har ta dangana da Dayi da Malumfashi, in ya kula da ƙananan majami'un da ke ƙauyukan Maguzawa na wannan yanki, da wuya ya raya a ransa cewa tarihin Katolika a ƙasar Hausa da mutuwa da hasara ya soma.

A shekarar 1710, wasu limamai biyu na ɗariƙar Faransiskan, Fada Karlo na Janowa da abokinsa Fada Seberino, suka taso daga Turabulus, saboda labari ya isa Rum cewa akwai ragowar Nasara a wajajen Barno da Kwararrafa. Da yake hanyar Barno ba ta biyu ba, sai suka bi ayari ta Fazzan suka sauka Agadas, daga can suka gangaro Katsina, inda cuta ta kama su, ajali ya riske su a 1711, ba su gina ɗakin ibada ba, ba su kuma sadu da mutanen da suka fito nema ba. A ma'aunin 'yan duniya wannan faɗuwa ce ƙarara.

Amma aƙidar Katolika ba ta auna al'amari da wannan mudu, domin asasinta gicciye ne, wato ranar da almajiran Almasihu suka zaci kome ya rushe, alhali kuwa a imaninsu nan ne fansa ta tabbata. Manomin Gwarzo ya san irin wannan tawakkali, shi da yake yin binne cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai taso ba, ya koma gida ya jira hukuncin Ubangiji. A ganina darajar limaman nan biyu tana cikin niyyarsu da haƙurinsu, ko da ba a taɓa samun wanda ya biyo sawunsu ba.

Jiran kuwa ya yi tsawo, gama ko bayan zuwan Turawa gwamnatin mulkin mallaka ta takura wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi. Sai a 1953 aka danƙa yankin Sakkwato, har da Katsina, a hannun limaman Dominikan na Amurka, waɗanda suka zauna a Malumfashi suna wa'azi da Hausa a tsakanin Maguzawa. Kano, wadda Gwarzo da Kabo ke ƙarƙashinta, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999.

A watan Oktoba na 2023 Fafaroma Faransis ya kafa dayosis ɗin Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasar Malumfashi, bishop ɗinta na farko, shekara 312 bayan rasuwar Fada Karlo a birnin.