Ruwan Logone da Akwatin Littattafai

Yagwa gari ne na Arewa Mai Nisa a ƙasar Kamaru, kusa da kogin Logone, daura da Bongor ta ƙasar Cadi. Masa su ne mafi yawa a can, akwai kuma Tupuri da Musgum, da Fulani da Hausawa 'yan kasuwa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa shinkafa ke yi, shi ya sa kuma idan kogi ya cika ruwa ba ya da wurin tsayawa. Tun cikin shekarun 1920 'yan mishan na Lutheran Brethren daga Amurka suka zauna a yankin, suna wa'azi suna ba da magani.

Cikin 1970 cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta shigo Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini. Kafin damina ta 1971 ta kai gaɓar Tafkin Cadi da arewacin Kamaru. Yawancin ma'aikatan lafiya na lokacin ba su taɓa ganinta ba. Abin da aka koya musu shi ne a ɗaura wa majiyyaci ƙarin ruwa ta jijiya, ga shi kuwa kwalaban ruwan ba su isa ko kusa ba.

Abin baƙin ciki, a wannan shekara ce aka tabbatar da magani mai arha a wata nahiya. Yaƙi ya koro mutanen Bangladesh zuwa Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanin Bangaon. Da ruwan jijiya ya ƙare wa Likita Dilip Mahalanabis, sai ya sa dangin marasa lafiya su riƙa shayar da su ruwan gishiri da sukari. A da kusan mutum talatin cikin ɗari ke mutuwa, sai ya koma kamar uku ko huɗu. Rahotonsa bai fito ba sai 1973, cikin mujallar likitoci ta Turanci a Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin yaɗa hanyar cikin 1978. Gishiri da sukari dai suna nan a kasuwar Yagwa tun 1971. Ma'aunin ne bai iso ba: lita guda ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri.

Sannu a hankali aka gane cewa babban ɗakin karatu a Yawunde ba zai taimaki nas da ruwa ya yanke wa hanya ba. Littafin David Werner, wanda ya fito da Turanci cikin 1977 domin ƙauyukan da babu likita, an juya shi zuwa Faransanci, ya shiga ɗakunan magani na mishan da yawa. A ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirƙiro shuɗin akwati na ƙarfe mai ɗauke da littattafai fiye da ɗari, domin asibitocin gundumomi na Afirka. An zaɓi ƙarfe da gangan. Wanda ya san gara da ɓera da laimar damina ba zai tambayi dalili ba.

Akwai kuma wani littafi da ba a cika girmama shi ba, wato rajistar ɗakin magani. Cikin 1963 likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara lissafin shekaru da yawa, ya zana yankin da sanƙarau ke addaba kowane rani, arewacin Kamaru da ƙasar Hausa suna ciki. Daga irin wannan lissafi aka sa ƙa'ida: idan masu kamuwa a mako guda suka kai wani adadi cikin mutum 100,000, a fara rigakafi nan da nan. Ƙa'idar ba ta aiki sai ma'aikacin ƙauye ya rubuta kowane mutum, ya kuma aika da lissafin kowane mako. Annobar 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, ta nuna abin da jinkiri ke jawowa. Sabuwar allurar sanƙarau ta isa arewacin Kamaru cikin 2011.

Sanin magani bai kawar da kwalara ba. Cikin 2010 ta kama fiye da mutum 10,000 a Kamaru, fiye da 600 suka rasu, yawancinsu a Arewa Mai Nisa. Takarda ba ta haƙa rijiya, ba ta gina salga. Amma wanda ya isa wurin da aka san ma'aunin da wuri, sau da yawa ya koma gida da ƙafarsa.

Cikin 2012 ambaliya ta cinye ƙauyuka a gefen Logone da madatsar Maga, ta kuma shafi Garwa a bakin Binuwai. Bayan haka aka gyara ganuwar kogin da taimakon Bankin Duniya. Ruwa ya komo cikin 2022, ya sake komowa cikin 2024, har ya karya gadar Danay a Yagwa cikin watan Satumba. Dubban iyalai suka koma bukkokin wucin gadi, rijiyoyi suka gauraye da salga, ma'aikatan lafiya kuma suka bi sansanoni suna koya wa mata tsabtace ruwan sha da haɗa ruwan gishiri da sukari.